Neman kalma: "kikbak" da "dirof zon" a aikin sare bishiya

Shugaban masu sara, unguwar Pantami a Gombe: Assalamu alaikum. Kafin iskar farkon damina ta fara kayar da dogon yaro a kan rufin mutane, muna son rubuta ƙa'idojin aiki da Hausa domin masu hawa bishiya da yaran da ke aiki a ƙasa. Kalmomin Turanci biyu sun cije mana: "kikbak" da "dirof zon". Malamai, a taimaka.

Mai gyaran inji, Jekadafari: Wa alaikumus salam. A san abin tukuna kafin a raɗa masa suna. "Kikbak" dai a injin sare bishiya yake faruwa: ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa, bakinsa a lanƙwashe yake. Rabin lanƙwasar na sama, nan haɗarin yake. In ya taɓa reshe, ko ƙusa, ko wayar shinge da itace ya haɗiye, sai haƙoran sarƙa su cije maimakon su yanka, inji ya yi sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Haka ma in tsagar ta matse sarƙa wajen bakin. Ni dai "harbi" na zaɓa, irin na jaki.

Malamin Hausa, Tudun Wada: Oga, harbi ya yi masu yawa: bindiga, kunama, jaki. Ka ce wa yaro inji ya yi harbi, sai ya zaci sarƙa ce ta tsinke ta fita. "Shuri" kuma a rubuce bai da bambanci da gidan gara. Me zai hana "tutsu"? Doki na tafiya da kai lafiya lau, ba zato ya zabura ya nemi kayar da kai.

Mai hawa, Bolari: Malam, tutsu ya zauna, don tana gaya wa mutum ya riƙe linzami. A rubuta haka: hannu biyu a kan inji, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, kada a yanka sama da kafaɗa, kada kai ya saitu da layin sarƙa. A gwada birkin sarƙa kullum kafin a hau. Sarƙar da ta dakushe ko ta saki ta fi yin tutsu. Mai yanka a sama kuwa ya ɗaure kansa wuri biyu, igiyar hawa da gajerar igiyar kugu, don in inji ya datse ɗaya, ɗayar ta riƙe shi.

Malamin Hausa: Ta biyun, "dirof zon", wato wurin da bishiya ko reshe zai faɗo, mai sauƙi ce: "mafaɗa", kamar mafaka da mahauta.

Jami'in gandun daji, Gombe: Na yarda, ranka ya daɗe, amma a sa mata awo. In bishiyar za a kayar ɗungurungum, mafaɗa ninki biyu ce na tsawonta: turare mai mita 15, a kori kowa zuwa mita 30, har da 'yan kallo da mata masu jiran ƙirare. In reshe-reshe ake saukewa, mai hawa ya ce "A kauce!", kuma ba ya yanka sai na ƙasa ya amsa "An kauce!" Ƙarar inji na danne murya, shi ya sa usur ya fi. Kowa da hular kwano. In reshe bai kai mita 3 nesa da wayar lantarki ba, a dakata har sai an ɗauke wuta.

Shugaban masu sara: Madalla, tutsu da mafaɗa sun shiga takarda. Saura "hanes", abin da mai hawa ke ɗaurawa a kugu da cinyoyi. Wani ya ce majanyi.

Mai hawa: Majanyin goyo, Oga? Ƙarti ba za su yarda su sa ba. A gwada ɗamara.