Ina son sa Libreboot a ThinkPad X230, amma hannuna na rawa

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohuwar kwamfutar cinya ThinkPad X230, ina son in cire BIOS ɗin da ta zo da shi, wato manhajar da ke tada kwamfuta, in sa Libreboot, madadinsa da kowa zai iya duba abin da ke cikinsa, domin in san abin da ke tada kwamfutata. Na sayi na'urar rubutu CH341A, baƙar nan, da matsin da ake kama cif da shi, wato ɗan ƙaramin ma'ajin da BIOS ke ciki. Na ɗaga murfin da ake ɗora hannu, na ga cif biyu masu ƙafa takwas, sai tsoro ya kama ni. Kwamfutar nan ita kaɗai gare ni. Ta ina zan fara, kuma in sabuwar sigar Libreboot ta fito sai na sake kwance ta?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye baƙar CH341A ɗin nan tukuna. Da yawansu 5V suke turawa ta layukan bayanai, cif ɗinka kuwa na 3.3V ne, wutar za ta iya lalata shi. Auna ta da mita, ko ka nemi ƙaramar na'urar Raspberry Pi Pico ka sa mata pico-serprog, manhajar da ke mayar da ita na'urar rubutu.

Amsa ta biyu:
Malam, kada ka rubuta komai sai ka karanta. Cire batir, cire caja, ka kama cif, ka kwafi abin da ke ciki da flashprog, manhajar karanta cif da rubuta shi, sau biyu ko uku, sannan ka gwada kwafin da sha256sum, umarnin da ke ba kowane fayil lambar shaida. In lambobin suka bambanta ko da harafi ɗaya, matsin bai zauna ba. Ni na taɓa yin gaggawa: karatu ɗaya na yi, ashe ƙafa ɗaya ba ta taɓa ba. Da rubutun ya ƙi, fanka na juyawa, fuska baƙi ƙirin, kwafin da na dogara da shi shara ne. Kwana uku na yi ina nema kafin ta tashi.

Cif ɗin na sama 4MB ne, na ƙasa 8MB, jimla 12MB. Kowanne ka kwafe shi daban, ka ajiye a filashi da wani wuri. Fayil ɗin Libreboot ma raba shi za ka yi: 8MB na farko na ƙasa, sauran na sama.

Amsa ta uku:
Ƙari kaɗan. Sabunta BIOS na Lenovo tun yanzu, don ta nan ake sabunta manhajar EC, ƙaramin cif mai kula da batir da madannai. Bayan ka canza zuwa Libreboot, hanyar ta rufe. Sannan fayil ɗin X230 da ake saukewa bai cika ba, sai ka cusa masa guntun Intel ME, wata rufaffiyar manhajar kamfanin Intel, da rubutaccen umarnin Libreboot. In ka tsallake wannan ba za ta tashi ba. A ThinkPad X200 ana cire ME gaba ɗaya, a taka kuwa rage shi kawai ake yi da manhajar me_cleaner.

Mai amsa ta biyu ya ƙara:
Batun sabunta Libreboot kuma, kwantar da hankalinka. Ba sai ka kwance ta ba, daga cikin Linux za ka yi da umarnin flashprog -p internal, bayan ka tada ta da saitin iomem=relaxed mai ba flashprog damar isa ga cif. Caja a jone, batir a cike. Amma kada ka rabu da matsin nan, ko da rubutun zai ƙi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na auna CH341A ɗin yanzu, kusan 5V ta nuna. Na mayar da murfin sai Pico ta iso.