Aikin yanar ido babu likitan sa barci: ganganci ne ko kuwa?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. An sa wa Baba ranar aikin yana, amma an ce babu likitan sa barci a ɗakin, kuma a ranar za a sallame shi. Ni dai a wurina wannan ganganci ne. Dattijo mai shekara 72, ga hawan jini!

Nas daga Marwa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, ba a cika sa babba barci don aikin yana ba. Idon kawai ake kashewa, ko da maganin ɗigawa ko da allura a gefen ido. Yana farke yana jin magana, cikin minti 15 zuwa 20 an cire yanar an sa masa ɗan madubin roba a gurbinta a cikin idon. Yara ne sai dole an sa su barci, da wanda ba zai iya kwanciya shiru ba, kamar mai rawar jiki ko wanda tsufa ya ruɗa.

Malam daga Kuseri: Malama nas, kin sauƙaƙa abin da yawa. Allurar da ake sokawa bayan ƙwayar ido, wani lokaci maganin kan bi ta kewayen jijiyar gani ya kai ƙwaƙwalwa, numfashi ya tsaya cikin 'yan mintuna. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. Taɓa naman ido ma kan rage bugun zuciya. Likita idonsa na kan madubin aiki, to wa ke kallon majinyacin?

Nas daga Marwa: Gaskiyarka Malam, ban musa ba. Ko a Ingila sun bambanta: in ɗigo ne ko bututu marar kaifi da ake zuba maganin da shi a gefen ido, ba dole sai da likitan barci ba, amma in allura mai kaifi ce suna son a samu wanda zai iya farfaɗo da mutum nan take. A wurarenmu kuwa allurar aka fi yi.

Hajiya daga Njamena: 'Ya'yana, ku dubi inda muke. Masu sa barcin nawa gare mu? Ɗan kaɗan ɗin suna can wajen matan da ake wa fiɗa a ciro jariri. In aka ce sai da su, tsofaffinmu za su zauna a makance, ko su faɗa hannun masu ture yana da tsinke, ido ya lalace gaba ɗaya.

Malam daga Kuseri: Hajiya, ƙarancin ma'aikata ba zai zama hujjar rashin iskar oksijin a ɗaki ba. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin da bugun zuciya ma nawa take?

Ɗan Garwa: To me zan tambaye su gobe?

Nas daga Marwa: Ka ce ɗigo za a yi ko allura? Wa zai tsaya kan numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama, kuma ya iya farfaɗo da mutum? Akwai oksijin da jakar hura numfashi a ɗakin? In sun kasa amsa maka, ka nemi wani asibitin. Ka tafi da duk magungunan Baba a leda su gani, kuma kada ya bar shan na hawan jini da safen sai in likita ne ya hana.