Ɗana wata biyar tari ya hana shi barci, me zan ba shi?

Mai haihuwar fari, Pantami:
Assalamu alaikum iyaye mata. Ɗana wata biyar, yau kwana huɗu yana tari, tun da hazon nan ya sauko mana a Gombe. Da rana da sauƙi, amma dare na yi sai hanci ya toshe, ya kama nono ya saki yana kuka. Jikinsa ba zafi. Surukata ta ce in lasa masa zuma da lemun tsami, maƙwabciyata kuma ta ce beli ne, a kira wanzami. Na rasa ta wa zan bi.

Ma'aikaciyar jinya, Bolari:
Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Zumar nan ki dakata da ita sai ya cika shekara 1. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, ta sa jikinsa ya saki, numfashi ma ya gagara. Ki lallaɓa Hajiya ki faɗa mata haka, ai jikanta ne, za ta ji. Maganin tari na kwalba shi ma kada ki saya masa a kemis, kuma kada ki shafa masa Robb a hanci.

Nono shi ne maganinsa yanzu. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai, ba ruwa ba jiƙo har ya kai wata 6. Kafin ki ba shi, ki ɗiga masa ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, wanda ake sayarwa a kemis, majinar ta yi laushi ki share.

Abin da na fi so ki yi: in ya yi barci, ki ɗage rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. In ya kai 50, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono sam, ko leɓensa ya sauya launi, to asibiti, ko da tsakar dare ne. Waɗannan na iya zama alamun nimoniya, wato ciwon huhu, ita kuwa ba ta jiran gari ya waye. Ki duba katinsa kuma, ko ya samu alluran sati 6, 10 da 14.

Uwar yara huɗu, Jekadafari:
Ni nawa hayaƙi ne ya riƙa tayar musu. Na daina turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki, na koma gidan sauro, na kuma daina goya jariri a bakin murhu. Ki yayyafa ruwa kafin shara.

Wani magidanci, Herwagana:
Beli dai kar ki yarda, 'yar'uwa. An cire wa 'yata tana ƙarama, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka yi mata ƙarin jini. Tarin kuwa yana nan bai tafi ba. Zancen zumar kuma, ki sa mijinki ya yi magana da tsohuwarsa, bakinsa ya fi naki nauyi a wurinta.

Mai haihuwar fari, Pantami:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na ƙirga yanzu, 42 ne, kuma ya sha nono sosai bayan na share masa hanci. Duk da haka Babansa ya ce gobe da safe mu kai shi a duba ƙirjin.