Me za mu kira hoton da ake yayyankawa a sake harhaɗawa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman sunan Hausa ga wasan nan da Turawa ke kira jigsaw puzzle: hoto ne manne jikin kwali ko katako, a yayyanka shi gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya mayar da kowane yanki mazauninsa. Har akan ba da hoton malami ko ubangidan sana'a da ya rasu a buga shi haka, almajiransa su taru su haɗa, su sa a firam don tunawa da shi. Sunan da za a rubuta a bayan kwali ake so, da sunayen sassansa. Wasu na rubuta "wasa ƙwaƙwalwa", amma bai kwanta mini ba.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka, Malam. Wasa ƙwaƙwalwa babbar riga ce, kacici-kacici da dara da tambayar lissafi duk sun shige cikinta. In ka aiki yaro kasuwa da wannan suna, ba ka san abin da zai kawo maka ba. Asalin abin ma kayan koyarwa ne. Wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, shi ake dangantawa da fara sayar da shi wajajen 1760: ya manna taswira a kan katako, ya bi iyakokin ƙasashe ya yanke, yara su koyi labarin ƙasa suna mayarwa. Na kwali mai araha sai daga baya ya yaɗu, musamman a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin matsin tattalin arziki.

Kafinta: Allah gafarta Malam, kada dai a bi sunan Turancin. Rabinsa na farko sunan zarto ne, mai siririn baki da ke iya bin lanƙwasa. In muka ce "wasan zarto", uwa za ta ji ta hana ɗanta. Kuma na kwali ba zarto ke yanka shi ba, wuƙaƙen ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka dasa a allo, inji ya danna sau ɗaya ya fitar da su duka. Sassa kuwa muna da su a shago. Abin da ya tsiro ya shiga ɗan'uwansa, namiji. Inda ya shiga, mace. Haka masu wayarin da masu famfo ke faɗa.

Malamar Firamare: A shago ya yi, a aji 3 kuwa dariya za ta hana darasi. Na fi son harshe da gurbi.

Na Maraɗi: Wajenmu sunan da ke bakin 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, aro ne daga Faransanci, shi ma Faransanci daga Ingilishi ya ɗauko. Ni shawarata "wasan gyartai". Gyartai ke ɗaukar fasasshiyar ƙwarya ya gwada baki da baki har ta koma yadda take. Sai kowane yanki a ce masa sakaina.

Kafinta: Ya yi daɗin kunne, amma gyartai hudawa yake yi ya ɗinke. Wannan kuwa ba zare ba gam, harshe ke kama gurbi. Kuma ƙwarya tsautsayi ya fasa ta, wannan da gangan aka yanka. Yaron birni na yau ma sai ka yi masa bayanin gyartai kafin ka kai ga wasan.

Mai Ɗab'i: Kafin wani ya kawo "haɗa hoto", a sani an riga an kama wannan. Yau in aka ce hoto haɗi ne, ana nufin an ɗora kan wani a jikin wani da kwamfuta. Ba sunan da za a rubuta a ƙarƙashin fuskar marigayi ba ne. "Harhaɗa" ta fi: ninkin da ke cikin kalmar shi ke nuna abubuwa ne da yawa, ɗaya bayan ɗaya. Wasan harhaɗa hoto.

Tunda an ambaci na tunawa, ga inda aiki ke lalacewa. Mai gutsure 1000 yakan kai santimita 70 da 50, don haka sai hoton ya kai ɗigo (pixel) 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, ko kusa da haka. Tsohon hoto na hannu mai santimita 10 da 15, a yi masa sikanin a kan ɗigo 600 a kowane inci, zai ba da kamar 2360 da 3540. Wannan ya ishi mai 500, a mai 1000 fuska za ta fara dishi-dishi. Kada a turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, a turo a matsayin fayil. Sai zaɓin hoton kansa. Malam cikin farar riga, jingine da farin bango, wahala ce tsagwaronta: gutsure ɗari biyu duk fari, ba abin da ido zai kama. A nemi wanda yake bakin aikinsa, ga gwangwanayen fenti, ga allon zane, ga aikin wuyan riga, ga hular zanna. Kowane launi jagora ne.

Malamar Firamare: Na karɓi harhaɗa. Ga yadda umarnin bayan kwali zai fito da kalmomin, a ji ko sun zauna. A zazzage a kan tebur ko allon da ya fi hoton girma da taƙi guda ta kowane gefe. A juya kowane gutsure fuska sama. A ware 'yan gefe, masu miƙaƙƙen baki ɗaya, da 'yan kusurwa huɗu masu miƙaƙƙen baki biyu. In jerin gutsure 38 ne a tsawo da 27 a faɗi, gutsure 1026 ke nan ko da an rubuta 1000, kuma 126 daga ciki na gefe ne har da kusurwoyin. A fara ɗaure gefe, sannan a rarraba sauran a faranti bisa launi. Inda launi ya ƙare, kamar sararin sama, a koma ga siffa: masu harshe biyu gurbi biyu waje guda, masu harshe uku waje guda. Wanda sai an danna da ƙarfi ya shiga, ba gidansa ba ne. A ɗaga a duba ta baya, za a ga haske na ratsa tsagar.

Kafinta: A ƙara maganar mannewa. Farin gam na katako, a ɗan tsinka shi da ruwa, a shimfiɗa leda a ƙasa, a zuba kamar cokali uku a tsakiya a ja shi da tsohon katin waya mai tauri ko guntun kwali har ya shiga tsagogi. In ya yi ruwa da yawa kwalin zai kumbura, fatar hoton ta ɗago. In fuska kawai aka shafa, gefuna kan lanƙwashe sama in ya bushe. Sai a juya a shafa bayan, a danne da littattafai kwana guda. Da damina a ƙara masa kwana. In gutsure ɗaya ya ɓace, a sa takarda ƙarƙashin ramin, a zana da fensir mai tsini, a manna kwali biyu ko uku har kauri ya yi daidai, a yanke da reza.

Na Maraɗi: To na janye gyartai, amma a bar mini sakaina.

Mai Fassara: Sakaina ta ƙwarya ce, ranka ya daɗe, gutsure ya fi shiga ko'ina. Abin da zan rubuta: wasan harhaɗa hoto, gutsure, jam'i gutsattsari, harshe da gurbi, ɗan gefe da ɗan kusurwa. Na taswira kuma a ce harhaɗa taswira. Saura mai yin wasan: maharhaɗi ya yi nauyi a baki.

Mai Ɗab'i: Mai harhaɗawa ya isa. A kwali dai a rubuta adadin da lamba, "gutsure 500", da shekarun yaron da ya dace, don yaron da bai kai shekara 3 ba na iya haɗiye ƙananan gutsattsarin.