Gidan da ya sari tunga: yadda ake raba fadama da buɗe ta don shinkafa

Ɗan Gulbi:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga dattawa da masana noma na wannan zaure. A garuruwan bakin gulbi, daga Augie da Argungu har Bunza da Suru, kusan kowace tunga za ka ji an ce gidan wane ne suka sare ta, kuma su suka fara shinkafa a fadamar wurin. A aikace, me irin wannan gida yake yi har gari ya kafu? Sannan idan yau zuri'arsu na da fadama kamar hekta 20 da ta daɗe ba a noma ba, suna so su buɗe ta su zaunar da mutane, daga ina ya kamata su fara?

Dattijon Kabi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Manyan birane tarihinsu sananne ne. Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna Surame, daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, bayan jihadi Kabawa suka tsaya a Argungu. Amma tungayen da kake magana ba yaƙi ya kafa su ba. Mafi yawansu masunci ne ko maharbi ko malami ko manomin da gona ta yi wa kaɗan a gida, ya nemi izinin mai ƙasa, ya ɗauki iyalinsa da ƙannensa ya tafi.

Aikinsa na farko shi ne sanin iyakar ruwa. Ba a gina gida sai an ga damina ta wuce a wurin, an lura da inda ambaliya ta tsaya. Ruwa yana barin shaida a jikin itace, yana kuma barin tarkacen ciyawa a reshe. Inda aka ga ɗorawa ta tsufa ko kuka, ruwa bai saba kwana a nan ba. A kan wannan tudu ake kafa bukkoki, a tona rijiya, a tsaga masallaci, a ware maƙabarta. Gero da dawa da wake suna jigawa, shinkafa tana ƙasa cikin laka. Garin da ba shi da duka biyun bai cika ɗorewa ba, domin shekarar da ruwa ya cinye fadama tudu ne ke ciyar da mutane.

Na biyu rabo, kuma nan hikimar take. Fadama ba ɗaya ba ce. Akwai gefen tudu da ruwa ke taɓawa ya janye, akwai tsakiya da yake kai gwiwa zuwa ƙugu, akwai ƙwarya da yake shanye mutum. Mai garin da ya san aikinsa ba ya ba gida ɗaya gefen tudu kaɗai ya ba wani ƙwarya kaɗai. Yana yanka gona doguwa daga sama zuwa ƙasa, kowane gida ya taɓa ko'ina. Shekarar ƙarancin ruwa a ci ta ƙasa, shekarar ambaliya a ci ta sama.

Baƙon da ya zo daga baya aro ake ba shi, ba kyauta ba. In ya yi girbi ya kai dami ko ƴan mudu gidan mai gari. Ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa ƙasar tana da mai ita. Ba ya dasa itace a gonar aro, ba ya jinginar da ita. In ya daɗe, ya yi aure a garin, ƴaƴansa suka gaje shi ana kallo, to ta zama tasu a al'adance ko da ba a furta ba. Rigingimun fadama da ke gaban alƙalai yau, da yawansu daga wannan rashin furtawa suka taso.

Sai burtali da mashaya. Da kaka, in ruwa ya janye, Fulani na gangarowa da shanu su ci burugu da karan shinkafa, su bar taki. Wanda ya sari gari yakan bar musu hanya tun ranar farko, ya sa ranar da za a saki dabbobi bayan an kwashe amfani.

Mai Lura da Ruwa:

Baba ya kawo tsarin yadda yake. Zan ƙara a kan shinkafar kanta, don kada wani ya ɗauka abin da ake shukawa yau shi kakanni suka shuka.

Tasu jar shinkafa ce ta ƙasar Afirka, mai bin ruwa. Ana kaftun laka da rani ko da saukar ruwan farko, a watsa iri da yawa, ya tsiro da ruwan sama ya yi ƙarfi kafin gulbi ya cika a watan Agusta da Satumba. Ruwa na hawa, karanta na ƙara tsawo, har ya wuce tsayin mutum. Ana yanka ta wajen Nuwamba zuwa Disamba, wani wuri ma da kwalekwale. Amfaninta kaɗan ne, da wuya hekta ta wuce tan ɗaya da ƴan kai, kuma tana zuba in an yi jinkirin yanka. Amma ba ta neman taki, tana danne ciyawa. Abin da ke kashe ta biyu ne: ruwa ya zo da wuri ta nutse tana ƙarama, ko ya hau da gudu fiye da yadda take iya binsa. Gidan mai gari shi ke riƙe iri iri-iri a rumbu, na zurfi daban na gefe daban, ya ranta wa wanda nasa ya lalace, shi kuma ke kiran gayya. Ba don wannan ba, baƙo ba ya iya tsayawa shekarar farko.

Wannan lissafin ya sauya. An kammala dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, na Goronyo a kan gulbin Rima ya biyo baya a shekarun 1980. Fadamun da ke ƙasa da Bakolori sun rasa ambaliyar da suka saba, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, in dam ya cika aka saki ruwa, yana zuwa lokaci guda. A ƙasar Yauri, tafkin Kainji na 1968 ya ta da garuruwan Gungawa aka sake musu mazauni. Masu bakin Kwara wajen Bagudo da Yauri kuma su tuna ruwansu sau biyu yake zuwa: na damina, da wanda ke isowa daga can sama cikin hunturu.

Saboda haka zuri'ar da ke son buɗe hekta 20 kada su dogara da iyakar ruwan da kaka ya faɗa. Su kafa turaku daga tudu zuwa ƙwarya, tazarar taku hamsin hamsin, su riƙa sa alama kowane mako damina guda cur. Su tambayi makwabta inda ruwan 2012 da na 2020 ya tsaya, su yi gini sama da nan.

Ɗan Gulbi:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. To batun takarda fa? Kuma a fara da damina ne ko da rani?

Manomin Rani:

Takarda tukuna, ɗan'uwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma wajen ba da shaidar zama ta gargajiya, don haka “kakanmu ya sari wurin” hujja ce mai ƙarfi amma ba ta isa ita kaɗai ba. A tara magada duka, mata da maza, a gama maganar gado. A kira dagaci da hakimi da masu iyaka a zagaya, a kira arɗo a nuna burtali. Duk wanda za a ba aro a rubuta, da shaidu da adadin shekaru.

Ni a ganina a fara da rani, kuma kada a buɗe fiye da hekta 3 zuwa 5 a shekarar farko. Da rani ruwa a hannunka yake, kuskure ba ya cinye jari duka.

Kafin a sayi komai a gwada ƙasa. A yi fangali guda, a cika shi da ruwa da safe. In ya kwana da saura, laka ce, ta shinkafa. In ya shanye kafin azahar, yashi ya yi yawa, man inji zai cinye riba, a bar wurin wa albasa ko masara. Inda aka ga farin gishiri ya fito a saman ƙasa, a tsallake shi.

Rijiyar ban ruwa ta fadama ba ta da zurfi, galibi mita 8 zuwa 12. Amma injin da ke zaune a sama ba ya jawo ruwan da ya yi ƙasa da kamar mita 7. A Afrilu da Mayu ruwan ƙasa na sauka, lokacin kuma shinkafa ke fidda kai, sai ka ji inji na kuka ba ruwa. Maganinsa a tona rami a saukar da injin tun da wuri. A lissafa rijiya ɗaya da inji mai inci 2 ko 3 ga kowace hekta, a ajiye inji guda na ko-ta-kwana.

Daidaita ƙasa shi ne aikin da ake raina wa, shi kuma ke raba mai buhu 30 da mai buhu 60. Fangali kada ya yi girma, a ɗaga kunyarsa sosai, a saki ruwa a ga inda ya taru da inda ya bushe, a ja ƙasa a gyara. Inda ya yi tudu ciyawa ce za ta ci taki, inda ya yi kwari dashe ne zai ruɓe.

Iri: FARO 44, wadda manoma ke kira sipi, tana nuna cikin kwana 110 zuwa 120, masu injin casa kuma suna son ta. Kilo 25 zuwa 30 ya ishi hekta in dashe za a yi, watsi kuwa yana cin ninki uku. A zuba irin a ruwa a kwashe wanda ya taso, a jiƙa sauran kwana ɗaya, a rufe da buhu kwana ɗaya zuwa biyu har ya fasa baki, sannan a yafa a wurin reno mai faɗin kashi ɗaya cikin ashirin na gonar. A cire a dasa yana da kwana 14 zuwa 21, biyu ko uku a rami, tazarar santimita 20 ta kowane gefe. Irin da ya yi kwana 35 a reno ba ya ƴaƴa da kyau, komai takin da aka ba shi.

Lokaci yana da wuyar sha'ani. Renon Disamba da farkon Janairu sanyi na daƙile shi, ya yi rawaya ya ƙi tashi. In kuma aka makara, fure ya haɗu da tsananin zafi a sami ƙaiƙayi maimakon ƙwaya, girbi kuma ya faɗa cikin ruwan farko. Yawanci tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu ake nema.

Taki ga hekta: buhu 4 na kamfa 15-15-15 lokacin dashe ko cikin makon farko, yuriya buhu 2 zuwa 3 a raba biyu, rabi bayan mako 3, rabi lokacin da ta fara ciki, wajen mako 6 zuwa 7. A rage ruwa kafin a watsa yuriya, a toshe mafita, a mayar da ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya zuba ta cikin ruwa mai gudu makwabcinsa ya yi wa taki.

Mai Lura da Ruwa:

Ban ƙi lissafin Alhaji ba, sai dai akwai abin da ya tsallake, kuma a sabuwar fadama shi ne babba: ciyawar da ake kira roba. Saiwarta a ƙarƙashin ƙasa take, in tarakta ta yayyanka ta kowane guntu sabon tsiro ne, ganyenta kuma ya yi kama da shinkafa har mai cira ya ruɗe. A ba fili ruwa tukuna ta fito kore, a fesa maganin da ke bin saiwa, a jira mako biyu, sannan a yi huɗa a bar rana ta gasa abin da ya fito. Maganin da ake fesa wa shinkafa bayan dashe yana kashe faɗaɗɗen ganye da ƙananan ciyayi, amma ba ya taɓa roba, don dangin shinkafa ce.

Kuma ban yarda a yi watsi da damina ba. Gefen tudu da tsakiya za su ɗauki FARO 66 ko 67, waɗanda ke jure nutsewa har kusan mako biyu. Nutsewa na ɗan lokaci ke nan, ba zaman ruwa na wata biyu ba, ƙwarya har yanzu ta jar shinkafa ce ko ta masunta.

Sai tsuntsun jan-baki. Daga lokacin da ƙwaya ta yi nono har yanka, kusan mako huɗu, gona na son mai tsaro safe da yamma. Gonar da ta nuna ita kaɗai ita tsuntsu ke tarar wa. Don haka duk wanda aka ba fili a sa masa sharaɗin dasawa cikin mako biyu ɗaya da kowa. A da Sarkin Noma ke sa wannan rana.

Manomin Rani:

Gaskiya ne, Malam, batun roba ya kamata ya zo kafin komai. Na ƙara da girbi. A janye ruwa kwana 10 kafin yanka. A yanka in kashi 8 cikin 10 na zangarniya ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, a buge cikin kwana ɗaya ko biyu a kan tamfol, ba a ƙasa ba, tsakuwa ce ke karya farashi. A shanya har danshi ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100, wato in ka ciza ta ƙwaya ta karye da ƙara. Wadda aka bari ta ƙone a rana tana farfashewa a inji, wadda aka ɗura da danshi tana yin baƙi a buhu.

Kasuwa akwai: manyan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi suna sayen shanshera, ga mata masu turarawa, ga ƴan kasuwar Jega. Amma ranar girbi kowa ke sayarwa, farashi a ƙasa yake. Wanda zai zaunar da mutane ya gina sito a kan tudu tun kafin gidan kansa, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Hanyar ruwa da magudana kuma a fitar da su daga rabon gado a rubuce, faɗin mita 2 aƙalla, su zama na kowa, domin in suka faɗa cikin kason mutum ɗaya, ranar da ya sayar wa baƙo na ƙasa da shi sun rasa mafitar ruwa.