Faɗuwar Gaddafi ce ta jawo mana 'yan bindiga?

Daga zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu a Sakkwato

Ɗan Illela: Assalamu alaikum. Jiya a majalisa na ce da Gaddafi na raye da ba mu ga wanga bala'i na Isa da Sabon Birni ba, anka yi mini caa. To ga ni na maimaita. Tun da anka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011, rumbunan makaman Libiya sunka zama na kowa. Ta hamada sunka biyo har sunka iso mu. Shi kansa Buhari ya faɗi haka a 2018.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Abzinawan da sunka yi mishi yaƙi sun koma Mali da makamai, a 2012 arewacin ƙasar ya suɓuce. Amma wa ya tara makaman? Yaro ɗan shekara 27 ya kifar da Sarki Idris a 1969, ya yi shekara 42 yana sayen bindiga da kuɗin fetur, yana rabon ta ga 'yan tawaye, ya shiga Chadi har anka fatattake shi a 1987. Bai bar majalisa mai ƙarfi ba, bai bar jam'iyya ba, sojan ma ya raunana su don tsoron juyin mulki, ya fifita rundunonin ɗiyansa. Shi ya sa yana faɗuwa ƙasar ta bi shi.

Baban Hafsa: Allah gafarta Malam, ni na zauna Sabha ta Libiya shekara uku ina aikin gini. Fetur kamar kyauta, burodi ba a maganar kuɗinsa. Mutum ya jawo ruwa daga ƙarƙashin hamada da bututu har Tarabulus da Bangazi. Mu nan ga gulbin Rima a gefenmu, amma 'yan garuwa muke jira.

Malamin Tarihi: Can Sabha ka taɓa jin wani ya soki gwamnati a fili?

Baban Hafsa: A'a, wannan kam ko a ɗaki.

Malamin Tarihi: Madalla. A 1996 an kashe fursunoni sama da 1,000 a kurkukun Abu Salim. Lauyan iyalansu, Fathi Terbil, shi anka kama a Bangazi a Fabrairun 2011 mutane sunka fito titi. Jiragen NATO daga baya sunka zo.

Ɗan Illela: Daga baya sunka zo, amma su sunka gama aikin. Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a 2003, ya biya diyyar jirgin fasinjan da anka tarwatsa da bam a Lockerbie, duk bai tsira ba.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Bello Turji ba daga Tarabulus ya zo ba, ɗan Shinkafi ne. Satar shanu, cinye burtali, 'yan sa-kai masu yanke hukunci cikin kasuwa, duk a gida munka shuka su. Nijar ce ke da iyaka da Libiya, ba mu ba. Bindiga ta samu masu jiran ta ne.

Ɗan Illela: Inna, da sanda da adda za a kori gari guda?

Hajiya Babba: Ɗana, kuma da wace ƙofa ta shigo? Kai ne ɗan kan iyaka, kai za ka gaya mana nawa ake biya mota ta wuce.

Baban Hafsa: Hajiya ta taɓo wuri mai ciwo.

Liman: Ni abin da ke ɗaure mini kai, matasa na ta yaɗa hoton Gaddafi na sallar da ya ja a Kano a 1997, sun manta mutumin ya yi jayayya da hadisi, ya canza lissafin kalandar Musulunci. A 2010 kuma ya ce a raba Nijeriya gida biyu, har anka janye jakadanmu.

Ɗan Illela: Ban ce waliyyi ne ba, Liman. Cewa na yi murfi ne, anka ɗauke shi.

Malamin Tarihi: Wa ya hura wutar da ke ƙarƙashin tukunyar?

Ɗan Illela: Caji na zai ƙare. Bayan Isha'i zan turo muryar wani direba da ke bin hanyar Agadas, ku ji da kunnenku.