Neman shawara: wane kundin rock na 1991 zan kara a wayata?

Salam jama'a, barkanmu da dare. Ni tela ne a Fagge, tun bara son kidan rock ya kama ni kuma har yanzu bai sake ni ba. Nevermind na Nirvana ne ya ja ni, wanda ya fito 24 ga Satumba 1991, da na bi diddigi sai na ga ashe shekarar nan kundaye ne suka yi ta fitowa ba kakkautawa. Yanzu uku gare ni. Nevermind shi ne na daya babu tantama, sai Out of Time na R.E.M. da nake sawa in ina yanka saboda sanyinsa, sai bakin kundin Metallica wanda bana kunnawa sai an dauke wuta an tada janareta don dama kara ta riga ta cika shago. Matsalata data ta yi tsada wlh, masu tura waka kuma in ka ce musu rock sai su hau nuna maka na Indiya, to bana son in sauke abin da zan goge. Wanne zan kara daga shekarar? Na biyu, yaran shago da maigidana sun ce kidan aljanu nake ji, ya zan yi su gane?

Dan Kurna:
Ten na Pearl Jam, kar ma ka tsaya tunani. Shi ma 1991 ne, karshen Agusta ya fito, wata guda kafin Nevermind, kuma duk a Siyatil ta Amurka suka yi suna. Bambancin shi ne Kurt Cobain mawakin Nirvana kamar fada yake da makirfon, Eddie Vedder na Pearl Jam kuwa rera waka yake da murya mai kauri, jitar ma tana jan nisa ba ta yanke maka da wuri. Da farko ma bai yi kasuwa ba sai a 1992 ya tashi. Ka ba shi sati guda.

Na Gwale:
Ni dai ban yarda ba. Ten ya yi sanyi ga wanda yake jin Metallica. Badmotorfinger na Soundgarden ya dace da kai, muryar mawakinsu Chris Cornell kadai ta biya kudin datar.

Baba na Sabon Gari:
Yaro ka tuna min da kuruciya. Mu a kaset muka ji wadannan, wani ya zo da shi daga Legas a yi ta kwafa har sautin ya dushe, in zaren ya harde a sa biro a nade. A lokacin Michael Jackson ne sarki ko'ina, to Nevermind din nan naka shi ne ya ture kundinsa Dangerous daga matsayi na daya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka a Janairun 1992, shi ya sa aka yi ta surutu. Shawarata ka dauki Achtung Baby na U2, Nuwamba 1991, a Balin ta Jamus suka fara daukarsa bayan faduwar katangar nan, kuma yana da kidan da za ka iya kunnawa gaban mutane ba a harare ka ba. Use Your Illusion na Guns N' Roses ka bar shi tukuna, kundi biyu ne suka saki rana daya, zai cinye maka data kuma akwai ciko a ciki da yawa, ni a ganina.

Yar Tarauni:
Ni abu daya zan ce dan uwa, ka canza hoton bangon Nevermind a wayarka. Jariri ne tsirara a ruwa yana bin takardar dala, in maigidanka ya hango shi a allon waya maganar aljanu ma karama ce. Sannan wani zai zo ya ce maka Loveless na My Bloody Valentine, yana da kyau amma na iyafis ne cikin dare, jitar ta rufe muryar gaba daya, a sifikar shago za su dauka wayar ce ta lalace.

Dan Hotoro:
Kai dai ka ji abinka da iyafis, dole ne sai sun so? In an kira salla ka kashe, shi kenan.

Buzun Kofar Ruwa:
Kan tambayarka ta biyu, kuskure ne ka fara musu da Nirvana. Ka fara da jitar Agadas, wadda kunnenmu ya riga ya sani. Sa musu Nomad na Bombino, 2013, Dan Auerbach na The Black Keys ne ya hada shi a Amurka, rock ne sosai amma tafin da amshin namu ne na sahara, babu wanda zai ce aljanu. In sun saba ka kara musu Afrique Victime na Mdou Moctar, 2021, dan Nijar ne bahago, jitarsa ta fi ta wasu Turawan zafi, kuma shi ma ta memori da bulutut wakokinsa suka fara yawo a wayoyin mutane kafin duniya ta san shi. Tinariwen na Mali ma sun ci Grammy, babbar kyautar waka ta Amurka, a 2012. Na san ba na 1991 ba ne, amma wanda ya iya zama da Mdou ba zai gudu daga Metallica ba.

Mai tambaya:
Na gode kwarai, Baba Allah ya kara girma. Hoton na canza shi yanzun nan. Ten zan fara saukewa da datar dare, U2 sai karshen wata in an biya kudin dinki. Buzu, Bombino din akwai wanda yake da shi a memori kusa da Fagge in zo in karba?

Buzun Kofar Ruwa:
Ina da shi, gobe bayan la'asar zan biyo ta wajenku, dama akwai wandon da nake so a rage min.